Audu Bako: Ɗan sandan da ya gina wa yara Gidan Zoo na Kano

Duk ranar Sallah da kwanakin da ke biye da ita, titin Gidan Zoo a Kano yakan cika maƙil tun da hantsi. A Daidaita Sahu na sauke iyalai, uwa da goyo a baya, uba riƙe da hannun ɗan shekara uku, 'yan mata da sabon lalle, kowa na neman hanyar kaiwa ga ƙofar shiga. A cikin masu bin layin akwai 'yan birni, akwai waɗanda suka zo daga ƙauyukan Jigawa da Katsina, akwai kuma baƙi daga Magaria da Dungass da sauran garuruwan Damagaram, waɗanda suka tsallako iyaka yin Sallah wurin dangi.

Sunan wurin a hukumance yana ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya rasu a 1980. Akasarin iyayen da ke kai 'ya'yansu wurin a yau ba a haife su ba lokacin da ya bar duniya. Suna ganin sunansa a jikin sakatariyar gwamnati da wani babban titi da kwalejin aikin gona ta Dambatta, amma kaɗan ne suka san yadda ɗan bariki ya zama gwamna, da abin da ya sa ya ware wa namun daji da wasan yara fili mai faɗin gaske, da kuma yadda mulkinsa ya ƙare.

Daga barikin 'yan sanda

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe shekaru masu yawa cikin kaki, don haka yaron ya tashi da jin busar bigila da kallon fareti. Kaduna a lokacin sabon gari ce, Turawa ne suka kafa ta ta zama hedikwatar Arewa, kuma jama'arta haɗin gambiza ce: sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan jirgin ƙasa, malaman ofis, daga kowace ƙabila. Wanda ya girma a irin wannan wuri yakan saba da baƙo tun yana ƙarami, yakan kuma saba da tsarin da ake yin komai bisa lokaci.

Ya yi karatun farko a Kaduna, ya wuce makarantar midil ta Zariya, sannan ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ya koyar da dokokin aikin ɗan sanda a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, daga baya aka ɗora masa alhakin sa ido kan 'yan dokan En'e na Jihar Arewa.

Wannan muƙami na ƙarshe ya buɗe masa ido. A zamanin, kowace masarauta tana da 'yan dokanta da gidan yarinta da kotunan alƙalanta, duk a ƙarƙashin sarki da majalisarsa. Mai kula da 'yan doka dole ya zagaya lardi-lardi, ya zauna da sarakuna da hakimai, ya ga yadda ake karɓar haraji da jangali, ya ji koken talaka a bakin kasuwa. Kafin a ba shi gwamna, Audu Bako ya san ƙarfin tsarin En'e, ya kuma san inda yake cutar da mutane.

Sabuwar jiha a bakin yaƙi

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya rushe manyan jihohi huɗu na Najeriya, ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Kano na cikin shida da aka fitar daga tsohuwar Jihar Arewa. Akasarin sabbin gwamnonin sojoji ne, amma an ɗauko uku daga rundunar 'yan sanda: Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato, Usman Faruk a Arewa maso Yamma, sai Audu Bako a Kano.

Lokacin ba mai daɗi ba ne. A watan Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa, a watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu, kuma kafin ƙarshen shekarar an zubar da jini a Kano da wasu biranen Arewa, abin da ya sa dubban 'yan ƙabilar Ibo suka koma gida. Da tafiyarsu aka rasa ɗimbin ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da makanikai da malaman ofis. Makonni kaɗan bayan naɗa gwamnonin, a watan Yulin 1967, yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Jihar da aka miƙa masa ta ƙunshi masarautu huɗu: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Wato Kano da Jigawa na yau a haɗe, domin sai a 1991 aka cire Jigawa. Ke nan iyakar jiharsa ta arewa ita ce iyakar Nijar, daga wajen Babura da ke fuskantar Magaria har zuwa Maigatari da ke maƙwabtaka da ƙasar Dungass. Jiha ce mai yawan jama'a da kasuwanci da dalar gyaɗa, amma tana baya ƙwarai wajen karatun boko, ba ta da isassun ofisoshi, ba ta da isassun ƙwararrun ma'aikata.

Da yake shi ba ɗan asalin Kano ba ne, ba shi da gidan sarauta ko jam'iyyar da zai jingina da ita, sai ya tara mutanen da a da ba sa ga maciji da juna. A majalisar kwamishinoninsa akwai Maitama Sule, wanda ya yi minista a gwamnatin NPC, akwai Tanko Yakasai na NEPU, jam'iyyar da 'yan dokan En'e suka sha ɗaure 'ya'yanta. Akwai attajiri Aminu Dantata a harkar ciniki da masana'antu, akwai Inuwa Dutse a aikin gona. A fadar Kano kuwa Sarki Ado Bayero ne, matashi da ya hau gado a 1963, wanda shi ma ya taɓa riƙe muƙamin Wakilin Doka, shugaban 'yan dokan Kano.

A waɗannan shekaru ne aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun sarakunan Arewa, aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati. Audu Bako ya aiwatar da sauyin a Kano, ya rarraba jihar zuwa yankunan mulki, ya rage ikon En'e, yana mai nuna cewa martabar sarki ta fi tsira idan ya tsaya a matsayin uban ƙasa da jagoran addini. Ya kuma matsa lamba kan karatun 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin ya san iyayen da yake magana da su ba za su saurari hujjar da aka ɗauko daga Turai ba.

Ruwa kafin komai

Abin da aka fi tunawa da shi a karkara shi ne madatsun ruwa. Manomin ƙasar Kano, kamar na ƙasar Magaria, yana da wata huɗu ne kacal na damina. Sauran watannin, ko dai ya zauna, ko ya tafi cin rani. Lissafin Audu Bako shi ne a tare ruwan da ke malala a banza cikin watan Agusta, a sake shi sannu a hankali da rani.

A 1969 aka fara aikin madatsar Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Daga nan aka shiga babban aikin, madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gina a farkon shekarun 1970, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ita ce uwar noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama da albasa ke fitowa har gobe, kuma tana cikin hanyoyin da ruwan famfo ke isa birnin Kano. An kuma yi wasu ƙananan madatsu a sassan jihar.

Sai dai bai tsaya ga noma kaɗai ba. A bakin tafkin Bagauda an gina otal da wurin hutawa, a Tiga ma an gina otal a kan dutse mai kallon ruwa. Tun farkon mulkinsa gwamnatinsa ta fito da tsarin bunƙasa yawon buɗe ido, abin da bai zama ruwan dare ba a tsakanin gwamnatocin wancan zamani. Daga cikin wannan tsari ne Gidan Zoo ya fito.

Fili don yara

An fara aikin gidan a 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 1972, a kan fili da ya haura hekta 40 a kudancin birni, bayan ganuwa, inda a lokacin gonaki da fili suka fi gidaje yawa. An dasa itatuwa, an yi hanyoyin tafiya a ƙasa, an gina kejuna, an zuba namun daji da tsuntsaye.

Don a gane girman abin, sai a tuna yadda nishaɗin yaro yake a ƙasar Hausa kafin nan. Akwai dandali da dare, akwai tatsuniya a gaban kaka, akwai langa da 'yar tsana da lilon da ake ɗaurawa a reshen bishiya, akwai tashe cikin azumi, akwai yawon Sallah da kallon hawan sarki. Duk waɗannan yara ne ke yinsu da 'yan uwansu yara, ko kuma a ƙarƙashin kulawar mata a cikin gida. Namun daji kuma, yaro yakan san su ne ta bakin mai tatsuniya, sai fa in gardawa sun zo gari da kura a ɗaure ko biri mai rawa. Wurin da magidanci zai ɗauki matarsa da ƙananan 'ya'yansa su fita tare, su biya kuɗi kaɗan, su yini a inuwa ba don biki ko suna ko ta'aziyya ba, baƙon abu ne.

A wasu sassan duniya tunanin ya riga ya yi nisa. Walt Disney na Amurka ya sha ba da labarin cewa tunanin Disneyland ya zo masa ne yana zaune a kan benci a wani lambu na Los Angeles, yana cin gyaɗa, 'ya'yansa mata biyu na kan lilo mai juyawa, shi kuma ba abin da zai yi sai jira. Ya so a samu wurin da iyaye da yara za su ji daɗi tare, ya kuma buɗe shi a 1955. A Nijar, gidan tarihi na ƙasa da aka kafa a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, ya haɗa kayan tarihi da masu sana'ar hannu da namun daji a wuri guda, ya zama wurin da iyalan Yamai ke kai yara. A Najeriya akwai gidajen namun daji a Ibadan da Jos.

Na Kano ya bambanta da na Disney ta fuska mai muhimmanci. Disneyland kamfani ne mai neman riba, kuma har yau sai mai hali ke iya kai iyalinsa. Gidan Zoo na Kano na gwamnati ne, an gina shi da kuɗin jama'a, an sa kuɗin shiga da ɗan dako ko mai gyaran keke zai iya biya wa 'ya'yansa ranar Sallah. Wannan ne ya sa ya shiga rayuwar talakan birni, har sunan ya rufe unguwar baki ɗaya.

Ana iya tambaya, kuma tambaya ce mai nauyi: jihar da yawancin 'ya'yanta ba sa zuwa makaranta, asibitocinta ba su wadatar ba, me ya kai ta sayen nama don ciyar da zaki? Zaki ba ya azumi, likitan dabbobi ma sai an biya shi, damina da rani. Amsar da za a iya karantawa daga ayyukan Audu Bako ita ce, bai ɗauki hutu da wasa a matsayin abin da za a jinkirta sai an gama komai ba. Ya gina madatsa da makaranta da sakatariya da wurin wasa a lokaci guda. Ya kuma yi sa'ar zamani, domin ƙarshen mulkinsa ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwararowa Najeriya, musamman bayan tashin farashinsa a 1973.

Ta wancan gefen iyaka

Ga mutumin Magaria ko Dungass, Kano ba baƙon gari ba ne. Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga birnin Damagaram, alhali daga Magaria, in an bi ta Tinkim da Babura, tafiyar sa'o'i kaɗan ce ta kai mutum Kano. Mutanen Dungass kuma kasuwar Maigatari ce a bakin ƙofarsu, daga can hanya ta miƙe ta Gumel. Harshe ɗaya ne, auratayya ta haɗa gidaje, sarautar Magaria ma tushenta na Daura ne. Naira na yawo a kasuwannin yankin kafaɗa da kafaɗa da sefa.

A zamanin Audu Bako, abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne gyaɗa. Magaria na cikin manyan wuraren nomanta a Nijar, kuma tsawon shekaru ta Kano gyaɗar gabashin Nijar ke bi, a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Legas. Sai fari ya zo. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya yi ta ja da baya a Sahel, abin ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, jama'a suka kwararo kudu daga Nijar zuwa Kano da sauran biranen Arewa neman abin sawa a baki. A Yamai, yunwar na cikin dalilan da suka sa sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Gyaɗar kanta ba ta sake komawa yadda take ba, dalar Kano ta ɓace cikin 'yan shekaru.

Ke nan shekarar da yaran Kano suka fara ganin namun daji a keji, 'yan uwansu a arewacin jihar da ƙetaren iyaka na fuskantar yunwa. Farin ya ƙara wa hujjar madatsun ruwa ƙarfi, domin ya nuna wa kowa abin da dogaro da damina kaɗai ke haifarwa. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo Kano a wancan lokaci ba su koma ba. Jikokinsu na cikin masu kai 'ya'yansu Gidan Zoo a yau, su ne kuma masu masaukin dangin da ke zuwa daga Magaria da Dungass idan Sallah ko biki ko jinya ta kawo su.

Faɗuwa

Shekara takwas ya yi a kan kujera. Gowon ya yi alƙawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, amma a watan Oktoban 1974 ya ce lokacin bai yi ba. Ƙorafi ya yi yawa a ƙasa cewa gwamnoni sun daɗe, sun zama kamar sarakuna a jihohinsu, ana kuma zargin wasunsu da tara dukiya. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon na taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da shi, Murtala Muhammad ɗan Kano ya hau. Nan take aka sauke gwamnonin 12, aka turo Sani Bello ya karɓi Kano.

Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsofaffin gwamnonin. Biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Sauran goman, har da Audu Bako, binciken ya same su da laifi. Wannan ɓangare ne na tarihinsa da masu yabonsa kan tsallake, amma yana nan a rubuce. Mutanen Kano dai sun yi nasu hukuncin daga baya, da suka ga shekaru na wucewa, gwamnoni na zuwa suna tafiya, ana ci gaba da amfani da gine-ginen da ya bari, sunansa kuma na ƙara yawa a jikin wuraren gwamnati.

Bayan saukarsa ya koma noma a tsohuwar jihar Sakkwato, nesa da fareti da jiniya. Ya rasu a 1980, bai kai shekara 60 ba.

Abin da ruwa ya tafi da shi

Madatsun da suka ɗaga sunansa suna da nasu bashin. Ruwan da aka tare a Tiga shi ne wanda a da yake gangarawa Kogin Haɗeja, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina, ya bar wa manoma danshin shinkafa, masunta su samu kifi, makiyaya su samu ciyawar rani. Da aka tare shi, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da fadamun suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a wurare da dama. Masana tattalin arziki da suka auna abin sun nuna cewa asarar da mutanen ƙasan kogi suka yi ta fi ribar da aka samu a gonakin rani na sama.

Abin ya shafi Nijar kai tsaye, domin wannan ruwa ne ke zama Komadugu Yobe, kogin da ya raba ƙasashen biyu a yankin Diffa kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Manomin Kura ya samu, na Nguru ya rasa, kuma ba a tambayi na biyun ba lokacin da ake zana aikin.

Wuraren hutun ma ba duka suka rayu ba. Otal ɗin Bagauda ya daina karɓar masu yawon buɗe ido, harabar ta koma reshen makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya. Wanda ya ci gaba da aikin da aka gina shi dominsa shi ne Gidan Zoo, kuma dalilin a fili yake: yana cikin gari, kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba, ba ya bukatar mota ko kwana.

Gidan Zoo a yau

Birni ya zagaye shi ta kowane gefe. Titin da ya ɗauki sunansa ya zama matattarar ofisoshin 'yan fim na Kannywood da shaguna da babban kantin Ado Bayero Mall. Filin da aka ware a bayan gari a 1971 ya zama ɗaya daga cikin manyan wurare masu itatuwa da suka rage a tsakiyar Kano, kuma ɗaya daga cikin mafi tsada idan da za a yanka shi filoti-filoti.

A 2019 sunan gidan ya zagaya duniya sau biyu. Bayan ƙaramar Sallah aka nemi kuɗin shiga naira miliyan 6.8 aka rasa, labari ya bazu cewa gwaggon biri ne ya haɗiye su, har sai da gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu irin wannan dabba a gidan. Cikin watan Oktoba kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe wurin har aka samu mayar da shi. An yi ta raha da labarin farko a Facebook, amma adadin kuɗin ya nuna irin tururuwar da iyalai ke yi cikin 'yan kwanakin Sallah. Labari na biyu kuwa ya tuna wa iyaye cewa kejin da aka gina shekaru kusan 50 da suka wuce yana bukatar gyara a kai a kai. Gwamnatin ta kuma taɓa bayyana niyyar mayar da gidan Tiga, abin da ya jawo muhawara, domin iyalin da ke zuwa da kuɗin A Daidaita Sahu ba za su iya tafiyar kilomita da dama da ƙananan yara ba.

Masu zuwa da 'yan shekara biyu da uku sun san wahalar da ke ciki. Yaro a wannan shekaru ba ya jure doguwar tafiya a ƙasa, rana na saurin galabaitar da shi, yakan tsorata da rurin zaki, yakan kuma fi sha'awar lilo da balan-balan fiye da dabbar da aka biya kuɗi don ya gani. A cikin cunkoson Sallah, ƙiftawar ido ta isa yaro ya ɓace. Shi ya sa iyayen da suka saba kan zo da sassafe ko su bari sai hayaniyar Sallah ta lafa, su zo da ruwa da abinci daga gida, su raba wa manya yaran tun daga ƙofa, su hana miƙa hannu cikin keji ko da na biri ne. Ga waɗanda ke zuwa daga ƙetaren iyaka akwai ƙarin lissafi: canjin sefa zuwa naira, shingayen hanya, da kuma yiwuwar a wayi gari an rufe iyakar, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Duk da haka suna zuwa. 'Yan ci-rani da ke aiki a Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya, da waɗanda suka zauna Turai suka ga manyan wuraren wasa, idan sun dawo hutu sukan so su yi wa 'ya'yansu da na 'yan uwansu wani abin da za su riƙa tunawa. A garuruwa irin su Magaria da Dungass, inda yara suka fi kowane rukuni yawa, filin wasan da hukuma ta ware ta kuma kula da shi abu ne mai wuyar samu, kuma filayen da yara ke buga ƙwallo a kai su ne ake fara yankawa idan gari ya faɗaɗa.

Audu Bako ya ware nasa filin ne lokacin da ƙasa ke da araha, tun birni bai iso wurin ba. Magajin gari ko shugaban ƙaramar hukumar da ke son yin irinsa a yau ba ya bukatar zaki ko giwa. Hekta biyu, itatuwan darbejiya, famfo, bayan gida mai tsafta, lilo da mai gadi sun isa somawa, muddin an yi wa filin takarda da katanga kafin masu sayen filoti su riga yara zuwa.